Rage wutar lamp ɗin amfuli zai ƙara musu kwana?

Salamu alaikum, masu gyara. Ina da tsohuwar amfuli (na'urar ƙara ƙarfin murya) mai lamp irin na tsohuwar rediyo da na gada wurin Baba, lamp biyu samfurin EL34 ne a ciki. A nan Maradi ba a samunsu, sai an yi saƙo Kano, kuɗin kuwa ba a magana.

Zaren da ke ɗumama su volt 6.3 yake so, amma da na auna da dare sai na ga 6.9, gilashin har ba ya taɓuwa. Na sa rezistans don rage wutar, ta sauko 5.6. Zafi ya ragu, sai dai murya ta shaƙe, kuma tana daɗewa kafin ta tashi.

Wani maigidana ya ce ƙarancin wuta ma yana kashe katod, wato ɓangaren da zaren ke ɗumamawa a cikin lamp. To ina zan tsaya, 6.0? Rezistans mai wat nawa zai ɗauki amfiya 3 da zaren lamp biyun ke ja bai ƙone ba?