Ƙugi a sifika bayan na haɗa Benchmark DAC3

Mai Faifai: Assalamu alaikum 'yan uwa. Na sayi Benchmark DAC3 HGC na hannu, wato na'urar da ke karɓar sauti daga kwamfuta ta kai shi hedifon ko sifika. Da hedifon ɗina Sennheiser HD 600 mai ohm 300, sautin garau yake, har numfashin mawaƙi kafin ya ɗauko baiti ina ji. Amma da na jona sifikokin situdiyo da wayar RCA, sai wani ƙugi ya taso. Wallahi raina ya ɓaci. Ina matsalar?

Injiniya: Wa alaikumussalam. Malam, na'urarka ƙalau take. Ƙugin wutar gida ne mai hertz 50 ke shigowa ta wayar. Koma wayar XLR, mai ƙafa uku, wadda ke tare irin wannan ƙugi.

Ɗan Fagge: Ka kuma haɗa kwamfutar da sifikokin a soket ɗaya. Amma kada ka karya ƙafar fulogi ta uku, hatsari ne.

Mai Faifai: Na sa XLR, ƙugin ya ɗauke ɗif. Allah ya saka muku da alheri.