Ɗan majalisar jiha zai iya zama alƙalin tarayya?

Ɗan Gyaɗi-Gyaɗi: Salamu alaikum. Jiya a wajen mai shayi, daura da Babbar Kotun Tarayya, muka yi ta musu har shayina ya huce. Kawuna lauya ne, ya yi zango ɗaya a majalisar jiha, yanzu wai alƙalanci yake hange. Ni dai na ce wanda ya taɓa ɗaga tutar jam'iyya ba ya hawa kujerar nan. Masana, ya abin yake?

Malamin Makaranta: Wa alaikumus salam. Ka sha kaye, ƙanena. Sashe na 250 na kundin tsarin mulkin 1999 shekara 10 da zama lauya ya nema. Hukumar NJC, wato Majalisar Shari'a ta Ƙasa, ke miƙa suna, Shugaban Ƙasa ya naɗa. Katin jam'iyya dai dole ya ajiye shi.

'Yar Fagge: A Amurka ma an yi. Sandra Day O'Connor ta shiga majalisar dattawan jihar Arizona a 1969, har ta zama shugabar masu rinjaye, sannan ta koma alƙalanci a jihar. A 1981 Shugaba Reagan ya kai ta Kotun Ƙoli, mace ta farko a can.

Ɗan Gyaɗi-Gyaɗi: Hajiya, na ji. To ranar da ƙarar zaɓe ta tsohuwar jam'iyyarsa ta zo gabansa fa?

Malamin Makaranta: Sai ya janye, a ba wani alƙalin. Amma ka san Kano, ko ya janye sai an yi da shi a rediyo.

Ɗan Gyaɗi-Gyaɗi: Shi ke nan, kuɗin shayin gobe a wuyana yake.