Yarana sun fara gudun darasin fiyano, ku ba ni shawara

Salama alaikum 'yan'uwa. Ina zaune a Samaru, kuma wata huɗu ke nan ina koya wa yara shida fiyano duk ranar Asabar, biyu nawa, huɗu na maƙwabta, daga 'yar shekara 6 zuwa ɗan shekara 10. Fiyanon ɗaya ne, Yamaha mai madannai 61. Da farko har rige-rigen zuwa suke yi. Amma tun da na fara koya musu karanta alamomin kiɗa a kan layuka biyar da ake rubuta kiɗa a kansu, sai jikinsu ya yi sanyi. Idan ɗaya yana dannawa, biyar suna hamma ko tsokanar juna. Makon jiya ƙaramarsu ta fashe da kuka don ta kasa tuna inda madannin sautin da ake kira C yake, abin ya tsaya mini a rai ƙwarai. Ni da allo da littafi aka koya mini, ban san wata hanya ba. Don Allah wane wasa zan riƙa yi musu?

Wata malamar firamare, Tudun Wada:
Sannu da ƙoƙari 'yar'uwa. Fito da su tsakar gida. Ki ja layuka biyar da gawayi a ƙasa, manya-manya, kamar za a yi 'yar gala-gala. Daga ƙasa zuwa sama layukan su ne E, G, B, D, F, tsakaninsu kuma F, A, C, E. Ki kira harafi, yaro ya yi tsalle ya dira a kai, wanda ke gaban fiyano ya danna sautin. Sai a yi canji. Kin ga kowa yana da aikin yi.

Wani mai kiɗa a coci, Wusasa:
Malama, kukan yarinyar nan shi ya fi damuna, kuma ba laifinta ba ne. Fararen madannai 36 ne a fiyanonki, duk kamarsu ɗaya, ina 'yar shekara 6 za ta bambance su? Baƙaƙen nan 25 su ne 'yan jagora, domin a jere suke bibbiyu da uku-uku. Ni ce wa yara nake yi bibbiyun tagwaye ne, Hassan da Husaini. Farin da ke gefen hagunsu shi ne C. Wanda ya shiga tsakaninsu D. Wanda ya biyo bayansu kuwa, wa ake haifa bayan tagwaye? Da kansu za su ce Gambo. To Gambo shi ne E. Ki sa su rufe ido su laluba gidajen tagwaye, guda biyar ne daga wannan ƙarshe zuwa wancan. Yaron da hannunsa ya gano C da lalube, da wuya ya sake ɓace masa.

Sai kuma kunne. Mu da muke Hausa muna da gata, don harshenmu da kansa hawa da sauka yake yi. Ki ce kuka na hawaye, ki ce kuka ta miya, ki tambaye su wanne ne muryarki ta sauka a ƙarshensa. Da wannan hawa da saukar ne kalangu yake magana. Daga nan ki juya musu baya ki danna sauti biyu: idan na biyun ya hau su miƙe, idan ya sauka su tsuguna. Mu a coci da do, re, mi muke fara rerawa kafin yaro ya ga takarda ma.

Wata uwa, Sabon Gari:
Tabarma da murfin kwalaben lemo. Ki zana layukan a kwali, su riƙa ɗora murfin. Ba ruwansa da wutar NEPA.

Wani mai haɗa kiɗa a situdiyo, Kwangila:
Hajiya, ina tare da masu cewa a yi wasa, amma kada wasan ya sa ki jingine karatun. Ni da kunne kawai na koya, ina ci da sana'ar, amma ranar da aka miƙo mini waƙa a rubuce na tsaya ina kallon takarda kamar baƙon rubutu. Har yau abin yana ci mini tuwo a ƙwarya. Ki rage yawan abin da kike ba su dai, alama biyu ko uku a mako sun isa.

Ga wasa na tsawon sautin alamomin. Mai kamar ƙwai, fari, ba sanda, bugu 4 ne. Idan an sa masa sanda, 2. Baƙi mai sanda, 1. Baƙi mai sanda da jela, rabi. Ki ba su kalmomi: bugu ɗaya "sha", rabi biyu "fura". Su tafa "sha, sha, fura, sha", sannan ki nuna musu yadda aka rubuta abin da suka tafa. 'Yan matan cikinsu da suka saba gaɗa za su riga kowa kamawa.

Malamar Tudun Wada:
Na manta, ki raba su. Ɗan shekara 10 zai iya zaman rabin awa, 'yar shekara 6 kuwa minti goma ya yi mata yawa a kan abu ɗaya. Ki zana hannun kowa a takarda ya sa wa yatsunsa lamba, babban yatsa 1, ƙarami 5.

Mai tambaya:
Na gode ƙwarai, Allah Ya saka da alheri. Baba na Wusasa, ban jira Asabar ba, jiya da yamma na kira yarinyar na ba ta labarin tagwaye. Ta gano C duk gidajen biyar, har ta tambaye ni me ya sa na can ƙarshen dama ba shi da tagwaye a gabansa. Malam na Kwangila, na ji gargaɗinka, zan ci gaba da layukan amma a tsakar gida. Saura tambaya ɗaya: babbansu ya ƙi amfani da hannun hagu sam, da na kau da kai sai ya mayar da komai dama. Akwai wasan da ke gyara wannan?