Shin minti 4 a digiri 134 sun wadatar da kowane kayan fiɗa?

Manjon ɗakin fiɗa: Assalamu alaikum. Wani abokin aikinmu ya dage cewa tunda tururi mai zafin digiri 134 yana kashe ƙwayoyin cuta cikin minti 3 zuwa 4, babu dalilin riƙe kayan fiɗa a cikin otoklab, wato na'urar tsarkake kaya da tururi, har minti 18 kamar yadda muke yi, musamman a nan Damagaram inda wuta kan ɗauke ana tsakiyar aiki. Ni dai na ga maganarsa da ƙamshin gaskiya.

Likitan fiɗa: Manjo, ba don ƙwayoyin cuta na yau da kullum aka sa minti 18 ba. Faransa ce ta tsayar da su saboda piriyon, furotin ɗin da ke haddasa cutar ƙwaƙwalwa ta Creutzfeldt-Jakob, wanda yake da taurin kai a gaban zafi, mu kuma muka gaji ƙa'idar a wurin karatu. A Ingila minti 3 ne ake yi wa kayan yau da kullum. Amma kayan da suka taɓa ƙwaƙwalwa ko lakar gadon baya, ba zan yarda a rage musu ko minti ɗaya ba.

Mai gyaran na'urori: Dokta, a gafarce ni in sa baki. Gardamar minti ba ta da amfani sai an san wace irin otoklab ake magana a kai, domin iskar da ta maƙale a cikin kaya tana hana tururi isa ga ƙarfe. Mai famfon zuƙe iska, wato aji B, ita ce ke iya gajeren zagaye da kaya naɗaɗɗu da masu rami kamar bututu, kuma sai ta ci gwajin Bowie-Dick, wanda ke nuna ko ta zuƙe iskar sarai, kowace safiya. Wadda ba ta da famfo kuwa, kaya naɗaɗɗu na buƙatar minti 30 a digiri 121. Na sha buɗe tambur, wato gwangwanin ƙarfen da ake zuba kaya a ciki, da aka cusa wa bandeji har murfi yana ƙin rufuwa, an kuma manta ba a buɗe kafofin gefensa ba: tef ɗin waje mai canza launi idan ya ji zafi ya yi layuka baƙaƙe, tsakiyar kayan kuwa tururi bai leƙa ba.

Ungozoma: Malam ya faɗi abin da ke raina. Tef shaida ce kawai cewa ƙunshin ya ga zafi. Almakashin da aka sa a rufe, da busasshen jini a maɗaurinsa, ko awa guda ya yi bai tsarkaka ba, haka ma ƙunshin da ya fito a jiƙe. Kayan roba kuma digiri 121 suka fi jurewa.

Manjon ɗakin fiɗa: Hajiya, na yarda da batun wanki, amma har yanzu ina ganin minti 18 a kan kayan ɗinkin rauni ɓarnar wuta ce da ruwa. To idan wutar ta ɗauke a minti na 12 fa?

Mai gyaran na'urori: Ba a ɗorawa daga inda aka tsaya, Manjo. Sai a sake naɗe kayan da busasshen zane, a sa sabon tef, a faro zagayen daga farko.