Ɓeran Masar da ɗan'uwansa ya mutu: me za a kira wanda aka ɗauko masa?

Mai fassara: Salamu alaikum malamaina. Gobe Juma'a ƙarfe 4 na yamma za mu ɗauki shirin yara na rediyo, kuma sakin layi ɗaya ya tsaya mini a wuya. Batun ɓeran Masar ne. Dabba ce da ba ta iya zaman kaɗaici, har ƙasar Suwizalan ta yi doka a 2008 ta hana a ajiye guda ɗaya tal. Idan biyu gare ka ɗaya ya mutu, sai ka je gidan da ake tara dabbobin da masu su suka yar ko suka kasa riƙewa, ka ɗauko masa wani. Wanda ake ɗaukowar Turawa suna ce masa "rescue", ɗaukowar kuma "adopt". Na rubuta abokin zama na goge, na rubuta tsintacce na goge. Lokacin da nake karatu a Ingila, matar da nake haya a gidanta tana da guda biyu, duka mata, ɗaya ta mutu. Wadda ta rage, da can ko firij aka buɗe sai ta cika gida da tsuwa, sai ta shige lungun akurki ta juya baya, ganyen da aka zuba mata ya yanƙwane ba ta ko shinshina ba. Wannan nake so yara su ji da Hausa.

Malamin firamare: Wa alaikumus salam. Ta biyun ba ta da wuya, riƙo ne. Goggo ta ɗauki riƙon 'yar ƙanenta: babu ciniki a ciki, akwai ci da sha da amana. Ki ce an ɗauko shi riƙo.

Hajiya Zazzau: Gara da kika goge abokin zama, 'yata. In mace ce sai ki ce abokiyar zama, kuma duk uwar da ke kusa da rediyo kishiya za ta ji. Mai ɗebe kewa ya fi, yana shiga namiji da mace. Kuma don Allah kada ki ce tana takaba. Takaba hukuncin addini ce, wata huɗu da kwana goma, ba ta dabba ba ce. Kewa ta wadatar.

Baba Mai Nahawu: Kun yi tsalle kun bar tushe. Wane ɓera, wace Masar? Dabbar nan daga tsaunukan Andes take a Kudancin Amurka, Feru da Bolibiya da Ikwado, inda aka yi dubban shekaru ana kiwonta ana cin namanta. Ka ce wa yaro ɓera, tsintsiya zai ɗauko. Ni zomon Feru nake cewa. Ita kuwa "rescue" na daɗe da samo mata kalma: cetau. Gajeriya ce, kuma a kan ƙa'idar Mantau da Tunau take.

Likitan dabbobi: Baba, Allah ya ƙara maka lafiya, zomon nan ne nake tsoro. Da zarar an ji zomo, wani zai sa masa zomo a akurki ya ce ya samo masa ɗan'uwa. Zomo na iya ɗauke da ƙwayar cutar Bordetella lafiyarsa ƙalau, shi kuwa ɓeran Masar ta sa masa ciwon huhu. Harbi ɗaya da ƙafar baya na iya yi masa mummunan rauni. Abincinsu ma ba ɗaya ba ne, domin jikin ɓeran Masar ba ya haɗa bitamin C, sai a abinci yake samu, kamar mutum. Malama, ki sa wannan a shirin: in wanda ya rage ya yini bai ci ba a kai shi asibiti, hanjinsa ba ya jure tsayawa, kuma wataƙila abin da ya kashe na farkon ne ya kama shi. Sabon a keɓe shi mako 2 zuwa 3. Ranar haɗuwa a kai su wurin da babu warin ko ɗaya, a baza ciyawa da yawa, a bar su su yi gurnani da hawan juna muddin ba a fitar da jini ba. In namiji da mace ne sai an yi wa namijin fiɗiya an jira kamar mako 6.

Ɗan Maraɗi: Baba, kowa ya ɓata a sunan dabbar nan. Faransawa aladen Indiya suke ce mata, Jamusawa ɗan aladen teku. Mu kuwa Masar ɗin baƙon abu take nufi. Masara da gwandar Masar ai daga nahiyar Amurka suka fito, ba wanda ya ce a sake musu suna. Cetau kuma, in Mantau mai mantuwa ne, cetau mai ceto zan ji, ba wanda aka ceta ba. Ga cetacce nan a shirye.

Baba Mai Nahawu: To Barau fa, ba wanda aka bari ba ne? Ka koma ka duba. Daga inda ake ce wa mako sati, ranar Lahadi dumashi, za a koya mini Hausa?

Ɗan Maraɗi: Sati ai a Kano ma ana faɗa, ranka ya daɗe, kuma daga Ingilishi ya zo. Ku da firij da bitamin kuka cika baki ba mu ce komai ba. Kullum daidaitacciyar Hausa taku ce, tamu karin harshe.

Malamin firamare: Ku yi haƙuri, baiwar Allah tana da aiki gobe. Amma Barau ya dace da wanda ya rage ɗin.

Wani ɗalibi: Ni duk ban ga amfanin zancen ba. Mutane na neman na tuwo, ana maganar kewar ɓera. Al'adar Turawa ce.

Mai fassara: Ƙanena, tausayin dabba namu ne tun kafin su. Ka san hadisin matar da ta tsare kyanwa ba ci ba sha har ta mutu. Duk wanda ya kulle dabba a akurki, haƙƙinta ya hau kansa. Ga abin da na tsayar: ɓeran Masar, riƙo, mai ɗebe kewa, wurin kuma gidan riƙon dabbobi. Likita, na ɗauki bayaninka duka. "Rescue" ce har yanzu ban samu ba. Tsintacce da yasasshe ba su shiga ba, don wasu masu su ne suka rasu ko suka yi ƙaura. Cetacce kuma ya yi wa bakin yaro nauyi. Zan dai ce wanda aka ɗauko daga gidan riƙo.

Baba Mai Nahawu: Kalma shida a gurbin ɗaya. Ɓeran na bar muku, tunda Likita ya kawo hujja, ba don ɗan Maraɗi ba. Amma ki faɗi cetau ko sau ɗaya ne, mu ji ko masu sauraro za su kama.

Mai fassara: Zan kai wa mai tsara shirin da safe, Baba. In ya yarda, sau ɗaya.