An ƙi lissafa mini kiredi 60, ina zan kai kuka?

Assalamu alaikum 'yan uwa, masana shari'a ku taimaka mini. A Maradi nake karatun lisansi (digiri na farko) a tsarin LMD (Lisansi-Masta-Dokta) mai buƙatar kiredi 180, wato ma'aunin darussan da ɗalibi ya ci. Na taho da kiredi 60 daga wata jami'a, takardar maki da hatimi a hannuna, amma kwamitin sashenmu ya ƙi lissafa su, wai darussan ba ɗaya ba ne. Da baki aka faɗa mini, babu takarda. Shekara guda ke nan za ta salwanta, ga kuɗin rajista sai da mahaifina ya sayar da gero.

In fara rubuta wa shugaban jami'a ne ya sake dubawa, ko kotu za ta saurare ni kai tsaye? Akwai wa'adin shigar da ƙara? Kuma yaya zan sa su ba ni hukuncin a rubuce?