"Mai son hanta ya haƙura da maɗaciya": wai da wa ake?

Ɗan Aboabo: Salamu alaikum jama'a. Jiya bayan la'asar aka zauna sulhu a gidanmu, matar yayana ta yi yaji sati biyu saboda bakin innarmu. Kawu ya saurari kowa, ya ce "mai son hanta ya haƙura da maɗaciya", ya sa takalminsa ya fita. To yanzu matar tana kuka wai an ce ta ci gaba da shan ɗaci, inna kuma ta ƙi cin abinci wai ita aka kira maɗaciya a gaban surukai. Don Allah me kuka fahimta?

Mahauci: Wa alaikumus salam. Shekara 20 ina kwata a Kaase nan Kumasi, ban ga mai haƙuri da ita ba, yanke ta ake a hankali a jefar. In wuƙa ta kuskure ta fashe hantar ta yi kore shikenan, ko kyauta ka bayar sai an zage ka. Ni wanda na sani shi ne ba a raba hanta da jini.

Malam Ƙarami: Sarkin fawa a yi haƙuri, ta rago ce ake jefarwa, ta mutum fa? Likitocin da, tun daga Buƙrat da Jalinus na Yunan har zuwa Ibn Sina da ya rasu a 1037, sun ce ruwa 4 ke riƙe da jiki: jini, balgam (majina), safra'u (ruwan maɗaciya) da sauda'u (baƙin ruwa). Safra'u zafi ce da bushewa, in ta rinjaya mutum ya zama mai saurin fushi, sauda'u sanyi da bushewa, ita ke kawo baƙin ciki da yawan tunani. Kuma ba su ce a kawar da ko ɗaya ba, daidaitawa suka ce. Ina ga nan kawu ya dosa.

Nas ta Asawase: Malam safra'u kam akwai ta, hanta ce ke yin ta wajen rabin lita ko fiye a rana, jakar maɗaciya ajiya kawai take, in ka ci abu mai maiƙo ta matso shi cikin hanji ya narkar. Sauda'u dai ba a same ta a jikin kowa ba. Kuma don Allah in ido ya yi ruwan ɗorawa a zo asibiti, kar a zauna ana ta jiƙo wai shawara ce, wani lokaci tsakuwa ce ta toshe hanya.

Hajiya Babba: Kun tuna min kakata Allah ya jiƙanta. Daga Salaga aka kawo ta aure Kumasi, duk layinmu ba mai bakinta, in ta fito tsakar gida ko kaji natsuwa suke. Wata Layya ina shekara 9 aka ba ni hantar ragon a kwano in kai mata, ita ce ake fara gasawa mai gida ya karya da ita, sai na ga wata 'yar jaka koriya a jiki na sa yatsa ina latsawa, fus ta fashe. Na tsaya ina rawar jiki ina jiran bulala. Wallahi ko tsawa ba ta yi ba, ta dangwala da ɗan yatsanta ta ɗiga min a harshe, ɗacin nan har yau in na tuna sai bakina ya tara miyau, sannan ta zauna a turmi ta yi ta yanke inda ya ɓaci har ta tsirar da ɗan abin da bai fi tafin hannuna ba, ta gasa ta kai wa kakanmu ta ce hantar bana ƙarama ce. Ba ta taɓa faɗa wa kowa ba. Da ta rasu ba a yi shekara 2 ba gidan ya watse, kowa ya kama haya.

Ɗan Aboabo: Allah ya jiƙan kaka. Kenan inna ce maɗaciyar?

Maman Biyu: Ni dai na gaji da haƙurin da kullum mace ake aika wa. Yayan naka me ya ce a wurin?

Mahauci: Doki da raƙumi ba su da maɗaciya kwata-kwata. Wasu ɓeraye ma haka.

Direban Kejetia: Ashe shi ya sa masu zuwa zango da buhun shinkafa lokacin zaɓe suke ci ba sa jin ɗaci! Kwatar layinmu tun zaɓen da ya wuce ake aunawa.

Malam Ƙarami: Raƙumi ba shi da ita amma Larabawa na misali da shi wajen riƙo, to ina fushin nasa yake zama?

Maman Biyu: Ɗan Aboabo ba ka ba ni amsa ba.

Ɗan Aboabo: Yaya bai ce uffan ba anti, wayarsa yake dannawa. Yau da dare zan koma wajen kawu in tambaye shi da bakinsa.